Ina wadda aka ci zarafinta za ta nufa a Jega, Aliero da Maiyama?

A ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, kamar sauran sassan masarautar Gwandu, idan aka yi wa yarinya fyaɗe ko miji ya lakaɗa wa matarsa duka, wurin farko da maganar ke zuwa shi ne zauren gida, sai ƙofar mai unguwa. Sau da yawa a nan take mutuwa, da sunan rufin asiri. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba.

Asibiti kafin komai

Kwana uku na farko su ne mafi muhimmanci. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar HIV bayan fyaɗe yana aiki ne idan aka fara shan sa cikin awa 72, kuma ana shan sa na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa ba ya wuce kwana biyar. Don haka duk ranar da dangi suka ɓata suna shawarar wanda za a fara gaya wa, wata dama ce ta kuɓuce.

Likitoci kan ba da shawarar kada a yi wanka ko a wanke tufafin kafin a isa asibiti, domin su ne shaida. Amma ko an riga an yi, bai kamata a fasa zuwa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, saboda haka rashin takardar 'yan sanda ba hujjar mayar da ita gida ba ne. Rahoton da likita ya rubuta a wannan rana shi ne ginshiƙin shari'a daga baya.

Abin da doka ta tanada

A watan Mayun 2015 aka sanya hannu kan dokar haramta cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Da farko Abuja kaɗai ta shafa, sai jihohi suka riƙa yin nasu. Kebbi ta bi sahu a 2022, zamanin gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Dokar ta tarayya ta tanadi ɗaurin rai da rai a matsayin mafi girman hukuncin fyaɗe, ta mayar da dukan abokin aure laifi, ta ba kotu ikon hana mai cin zarafi kusantar wadda ya cuta, sannan ta amince da haƙƙinta na samun magani, lauya da mai kwantar mata da hankali.

Shari'ar Musulunci ma ba ta bar ta haka nan ba. A mazhabar Malikiyya, alƙali na iya raba aure idan cutarwa ta tabbata. Sulhun da hakimi, liman ko 'yan Hisba ke yi yana da amfani a saɓanin ma'aurata, amma fyaɗe babban laifi ne, kuma kuɗin da aka ba uba don ya yi shiru ba ya goge shi.

Inda gizo ke saƙar

Tsarin da ya fi tasiri shi ne tara likita, mai ba da shawara, ɗan sanda da lauya a ƙarƙashin rufi ɗaya, kyauta. Cibiyar Mirabel ta Legas ce ta fara shi a Nijeriya a 2013, sai cibiyar Nana Khadija da aka buɗe a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato a 2020. Ofisoshin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ma'aikatar harkokin mata kuwa galibi a babban birnin jiha suke. Ga matar da ke wani ƙauye na Maiyama, kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da neman izinin fita daga hannun wanda ya doke ta sun isa su kashe ƙarar.

A nan ne matasa ke da rawar takawa. Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya, Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, kuma ɗalibansu na iya yaɗa maganar awa 72 har lungunan da jami'an gwamnati ba sa shiga. Akwai kuma tambayoyin da ya dace a yi wa shugabannin ƙananan hukumomin uku da 'yan majalisarsu: nawa aka ware a kasafin bana don aiwatar da dokar? Akwai maganin kariya a manyan asibitocin yankin? Ƙararraki nawa suka kai ga hukunci tun 2022? Amsoshin ne za su nuna ko dokar ta fito daga takarda.