Ba kowace allura ce ke karya dafin kububuwa ba

Da kaka ta kama, daga fadamun shinkafa na Jega zuwa gonakin Aliero da Maiyama, labarin saran maciji ba ya yankewa. Abin takaicin shi ne yadda har yanzu ake cewa allurar maciji duk ɗaya ce, a sayo ta ko a wane kemis. Ba haka ba ne. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka koma amfani da allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen waɗanda maciji ya sara ya tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin 100, kamar yadda binciken 2008 ya nuna.

Dalili kuwa, dafi tarin furotin ne, kuma na kububuwa daban da na kasa ko gamsheƙa. Kowane furotin kamar carbi yake, wanda aka jera da duwatsu iri 20. Don gane yadda duwatsun suke jere, masana sukan tsinka shi gutsi-gutsi, su auna kowane gutsure a na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari. Idan wannan gutsure ya ɗara na kusa da shi da nauyin dutse guda, an gane dutsen da ke wurin ke nan. Sai dai awon yakan zo da giɓi, kuma biyu daga cikin duwatsun nauyinsu ɗaya ne cif.

A da, sai a laluba kundin furotin da aka riga aka sani, a nemi mai kama. To, wanda ba a taɓa rubutawa ba fa? Nan kwamfuta mai koyo ta shigo. Ana horar da ita da miliyoyin awo har ta iya karanto jerin da kanta. Irin wannan manhaja mai suna DeepNovo ta fito daga Kanada a 2017, sai InstaNovo a 2025, wadda kamfanin InstaDeep mai asali daga Tunisiya ya haɗa da wata jami'ar Denmak, aka kuma gwada ta a kan dafin macizai.

Allurar EchiTAb da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, amma a Birtaniya da Kosta Rika aka riƙa sarrafa ta. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga macizan a bayan gari. Ya kamata hukuma ta tallafa wa binciken dafinsu a gida, ta kuma wadata asibitocin karkara da allurar da ta dace, domin manomin da aka kwaso daga fadama ba zai iya jira ba.