Barci da Halayyar Matasa: Inda Aikin Jinya Yake Farawa

Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare, kamar yadda ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta tsayar a 2016. Da yawa ba sa samun haka, kuma ba a hamma da gyangyaɗi kaɗai giɓin yake bayyana ba. Yakan fito a saurin fushi, musu da iyaye, faɗa da abokan karatu, da kasa zama wuri ɗaya a aji. Shi ya sa idan aka kawo yaro asibiti da ƙorafin ya gagara, ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya takan fara bincikar darensa kafin ta shiga zancen abin da yake yi da rana.

Tushen matsalar a jiki yake. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Binciken Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown, tun shekarun 1990, ya nuna cewa da shigowar balaga wannan lokaci yakan ja baya, wani sa'in har kusan awa 2. Yaron da a da barci ke kwashe shi da ƙarfe 9 sai ya koma ido biyu har 11, alhali lokacin tashinsa yana nan inda yake. A kan wannan hujja ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun matasa su fara darasi kafin 8:30 na safe, jihar Kalifoniya kuma ta kafa doka a kan haka a 2019. A ƙasar Hausa, inda ranar ɗalibi ke farawa da sallar asuba, ta bi ta boko da Islamiyya, gyaran ya fi yiwuwa ta ɓangaren dare.

Sai kuma abubuwan da ke ƙara dagula lamarin. Hasken waya yana jinkirta fitowar melatonin, ga kuma garaɓasar data ta tsakar dare da kamfanonin sadarwa ke yi. Shayi mai kauri, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa kan rage a jini bayan kimanin awa 5. Zafin bazara, sauro, ɗauke wuta da cunkoson ɗaki su ma suna da nasu kason.

Alaƙar rashin barci da ɓacin hali ta ɓangare biyu ce. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, kuma rashin barci yana raunana shi. Wani bincike da Matthew Walker da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya gano cewa sashen da ke kula da tsoro da fushi yakan ƙara zabura da fiye da kashi 60 cikin 100 a wurin waɗanda suka kwana ba barci. Ta ɗaya ɓangaren, yaron da ya yini cikin rigima, ko yake yawon dare, ko yake kwana da fargabar duka, barcinsa ba zai yi nauyi ba. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, amma barci ya fi sauƙin kamawa.

Aikin jinya yana farawa da tambaya. Akwai wani tsari mai suna BEARS da Dakta Judith Owens da abokiyar aikinta suka wallafa a 2005, wanda ya tattara tambayoyi biyar: wahalar samun barci, yawan jin barci da rana, farkawa cikin dare, daidaiton lokacin kwanciya da tsawon barcin, sai minshari. Yadda ake tambayar yana da muhimmanci. Maimakon ta ce ƙarfe nawa matashin yake shiga ɗaki, nas takan ce: "Ƙanena, ƙarfe nawa barci ke ɗauke ka? Ina wayarka take kwana?" Ana jin ta bakin uwa ko uba, sannan a keɓe da matashin shi kaɗai, domin zancen ƙwaya, cin zali ko baƙin ciki ba ya fitowa a gaban iyaye. Daga nan a ba shi takarda mai layi 14 ya riƙa cikewa tsawon mako 2: lokacin kwanciya, lokacin tashi, ƙailula, da abin da ya sha bayan azahar. Sau da yawa takardar kan nuna barcin awa 5 ko 6 a ranakun makaranta, da ramuwa har hantsi a ƙarshen mako.

Binciken jiki yana biye. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, barci baki buɗe da ciwon kai da safe suna nuna toshewar hanyar iska, galibi saboda kumburin naman maƙogwaro ko ƙiba, kuma wannan ya fi yawa a masu sikila, waɗanda ciwon ƙashi ma kan hana su runtsawa. Ƙaiƙayi ko tsukun ƙafafu da dare, wanda ba ya lafawa sai an motsa su, yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Dole kuma a tambayi shaye-shaye: tiramadol, wiwi, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a Mayun 2018. Haka nan a lura da alamun ciwon damuwa da farfaɗiya. Ba a gaggawar sanya wa yaro sunan cuta: taurin kai da bijirewa ba ya zama larura a ma'aunin likitoci sai ya kai aƙalla wata 6, rashin barci mai naci kuma shi ne na dare 3 a mako har wata 3.

Tsarin kulawa, tare da matashin ake shata shi, don abin da aka ɗora masa dole ba ya ɗorewa. Ginshiƙinsa shi ne lokacin tashi guda ɗaya kullum, ba tare da ƙarshen mako ya zarce da fiye da awa ɗaya ko biyu ba, da fita cikin hasken safiya. Ana matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 30 duk bayan 'yan kwanaki. Waya takan bar hannu awa ɗaya kafin kwanciya, ta kwana a wajen ɗakin. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kada kuma ta kai bayan la'asar. Idan barci ya ƙi zuwa bayan kimanin minti 20, a tashi a yi wani abu mai natsuwa cikin haske kaɗan, sai an ji shi a koma shimfiɗa.

Iyaye su ma ana koya musu nasu: dokoki kaɗan bayyanannu, yabo idan an kiyaye, da horon da aka sanar tun farko, kamar karɓe waya na kwana ɗaya. Bulala da faɗan dare ba abin da suke ƙarawa sai fargaba. Idan matashin yana kwance a asibiti, ana haɗa awo da ba da magani a lokaci guda don kada a yi ta tashinsa, a rage fitila da hayaniya. In ya harzuƙa, mutum ɗaya ke magana da shi, da sassauƙar murya, a ba shi sarari da zaɓi. Ɗaurewa ita ce mataki na ƙarshe, sai da umarnin likita da sa ido.

Ƙwayoyin barci irin su diyazifam, da ake saya a kemis ba takardar likita, ba su da gurbi a nan, domin suna kama jiki. Bayan mako 2 zuwa 4 ana sake duba takardar barci tare da rahoton malamai. Idan barci ya daidaita amma halin bai sauya ba, ko akwai ɗaukewar numfashi, shaye-shaye ko tunanin halaka kai, sai a tura ga likitan yara ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, ko na Dawanau a Kano.