Tsofaffin Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa: Raya Gini Ta Hanyar Sauya Masa Aiki

Idan aka ambaci gine-ginen tarihi a Kano, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne ganuwa da ƙofofinta, da Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi. Ba kasafai ake tuna masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ba, alhali kuwa wasunsu sun haura shekara 50, kuma a cikinsu ne dubban magidanta suka ci abinci suka tarbiyyantar da 'ya'yansu. Su ma sun shiga sahun kayan tarihi, kuma hanyar da ta fi dacewa a tsare su ita ce a sama musu sabon aiki.

Asalin waɗannan wurare yana komawa ga isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗa da ya bunƙasa daga 1912. Kamfanonin Turawa da 'yan Kwara da attajiran gida irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka kafa sito-sito da ma'auna a wajen ganuwa, kusa da layin dogo. Bompai ce rukunin masana'antu na farko, inda aka fara matsar man gyaɗa da saƙa da yin alewa da sabulu. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, sannan Challawa, wadda kusancinta da kogi ya jawo kamfanonin jima da na lemon kwalba.

Koma-bayan kuwa a hankali ya zo. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, har sayo kayan gyaran injuna ya gagara. Ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga ƙasar Sin suka ƙarasa masaƙu da dama. Akwai kamfanonin da suka jure, musamman na roba da jima da sarrafa shinkafa, amma da yawa sun koma sito na ajiyar kayan da aka shigo da su, wasu kuma sun zama kango. A halin da ake ciki gari ya cim musu ta kowace fuska, filin ya yi tsada, don haka mai shi yakan ga ya fi masa riba ya rushe ya yanka fulotai ko ya jera kantuna.

Kanawa ba baƙi ba ne wajen sauya wa gini aiki. Gidan Makama, wanda aka ruwaito cewa an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463, ya zama ofishin Turawa bayan sun ci Kano a 1903, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani kuma gidan adana kayan tarihi. Haka nan Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, shi ma ya koma wurin baje kayan tarihi. Dukkansu ginin ƙasa ne, amma sun tsaya domin akwai masu shiga da fita, masu lura da tsagewar bango da toshewar indararo kafin damina. Ganuwa kuwa, da aikinta na tsaro ya ƙare, sai aka riƙa ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, har ta kai ga an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi.

Wasu ƙasashe sun gwada wannan dabara a kan gine-ginen masana'antu. A Landan, tsohuwar tashar wutar lantarki ta Bankside da aka rufe a 1981 ta zama gidan zane-zane na Tate Modern a shekarar 2000. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wani katafaren rumbun hatsi na bakin teku da aka gina a shekarun 1920 ya koma gidan baje fasahar Afirka a 2017.

Ginin masana'anta yana da sauƙin sauyawa, domin zaurensa faɗi ne da shi, rufinsa na da tsawo, ginshiƙansa na ƙarfe ne, kuma akwai titi da hanyar wuta a kusa. Tsohuwar masaƙa za ta iya ɗaukar teloli da masu ɗinkin takalma da jaka da ke cunkushe a lungunan birni. Tsohon sito zai iya zama makarantar koyon sana'a ko ɗakin karatu. Ya kuma kamata a ware ko da guda ɗaya, da injunansa da ma'auninsa, ya zama gidan tarihin gyaɗa da saƙa, inda malamai za su kai ɗalibai su gani da idonsu.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, a ƙidaya gine-ginen, a ɗauki hotunansu, a kuma naɗi bayanan tsofaffin ma'aikata tun suna raye. Na biyu, injiniya ya duba lafiyar ginshiƙi da rufi. Na uku, wurin da aka yi jima ko rini ba a mayar da shi gida ko makaranta sai an gwada ƙasarsa da ruwan rijiyarsa, saboda sinadarin kuromiyam da ake jima da shi yana daɗewa a ƙasa. Na huɗu, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun Gwamna, hukuma na iya sauƙaƙa izinin sauya amfanin fili ga wanda ya yarda ya bar fuskar ginin da sunansa na asali.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Yaron da aka haifa bayan 1980 bai ga dalar gyaɗa ba sai a hoto. Idan aka yi sakaci, na bayansa ma ba zai san inda kakansa ya yi aiki ba. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.