Wayar Tafi-da-gidanka da Hotunan Tauraron Ɗan'adam: Inda Tsaro da Ciniki Suka Haɗu

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da wayar tafi-da-gidanka ta fara aiki a Nijeriya, harkar ciniki ta sake kama, domin kuwa dillalin hatsi a Dawanau yana iya jin farashin Legas ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Sai dai wannan na'ura, tare da hotunan tauraron ɗan'adam da aka baza wa jama'a kyauta, sun zama kafar da asirin tsaro ke tsiyaya, kuma duk ranar da hukuma ta tashi toshe kafar, ɗan kasuwa ne kan fara ji a jika.

A da can, hoton ƙasa daga sararin samaniya sirri ne na manyan gwamnatoci. Daga shekarar 2005, da aka fito da manhajar Google Earth, kowane mai kwamfuta ya sami damar leƙa barikin soja, matatar mai ko tashar jiragen ruwa. A watan Nuwamba na 2008, 'yan bindiga 10 suka afka wa birnin Mumbai, cibiyar kasuwancin Indiya, inda suka hallaka mutane 166. Masu bincike sun bayyana cewa maharan sun nazarci wuraren ta waɗannan hotuna, sa'an nan suka riƙa karɓar umurni ta waya.

Ita kuwa wayar, muddin tana kunne, tana tuntuɓar turakun sadarwa mafi kusa da ita, manhajojin cikinta kuma suna ajiye bayanin inda mai ita ya bi. A ƙarshen 2017 kamfanin Strava, mai manhajar masu motsa jiki, ya wallafa taswirar hanyoyin da jama'arsa ke gudu. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar ta zana sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, saboda sojojin na atisaye ɗauke da na'urorinsu. Daga bisani Ma'aikatar Tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen daga kunna sashen nuna wuri.

A nan gida, lamarin ya fi shafar aljihu. A watan Satumba na 2012 'yan Boko Haram suka ƙona turakun sadarwa a biranen Arewa da dama, bisa zargin kamfanonin waya na taimaka wa jami'an tsaro. A watan Mayu na 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layuka a jihohin Barno, Yobe da Adamawa. Haka kuma a watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci a rufe layukan Jihar Zamfara baki ɗaya, matakin da ya bazu zuwa sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, domin raba 'yan fashin daji da masu tsegunta musu labari.

Hasarar da ta biyo baya ba ɓoyayya ba ce. Masu sana'ar POS suka zauna hannu rabbana, aika kuɗi ta waya ya tsaya, fatake kuma suka koma tafiya mai nisa ɗauke da tsabar kuɗi a kan hanyoyin da ba su da aminci.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki wasu matakai na dindindin. A watan Disamba na 2020 ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, a watan Afrilu na 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda rashin cika sharaɗin. A 2024 aka sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma batun hotunan sama ya fi ƙarfin doka ta cikin gida, domin akasarin kamfanonin da ke sayar da su na ƙetare ne, duk da cewa Nijeriya ta taɓa mallakar nata tauraron, NigeriaSat-1, wanda aka harba a 2003.

Saboda haka, wajibi ne masu masana'antu da masu safarar kaya su ɗauka cewa rumbunansu a fili suke ga mai kallo daga sama, su kuma ja kunnen direbobi da ma'aikata game da watsa hotuna da lokutan tashin kaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma suna da hujjar neman a riƙa tuntuɓar su kafin a rufe layuka, a kuma ƙayyade yanki da wa'adi, tun da su ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na hasarar.