Kowane Darasi da Makamarsa: Jan Hankali Ga Ɗalibai da Iyaye a Sharabi

Da zarar hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawa, gidaje da yawa a Sharabi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo kan yi jugum. Yaro ya ci Hausa, ya ci darasin addini, wataƙila har da aikin gona, amma Turanci da Lissafi sun kayar da shi. Uba ya ce dama ba shi da kai, uwa ta ce baki ne ya kama shi, shi ke nan a rufe zance. Alhali sau da yawa yaron ya yi karatu, har kwana yake da tocila a hannu. Abin da ya ci shi shi ne ya tunkari darussansa gaba ɗaya da dabara guda: ya buɗe littafi ya yi ta bin abin da ya kwafa daga allo, har idonsa ya saba da rubutun, sai ya ɗauka ya iya.

Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yakan manta kaso mai yawa na sabon abin da ya haddace cikin kwanan farko, in bai koma masa ba. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai gajeren rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Da aka kwana bakwai, waɗanda aka tilasta wa tunowa da ka sun yi musu fintinkau.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya riga masanan nan sani. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda gaban malam, allon a kife. Bayan nan ga tishi, ga tilawar asuba, ana komawa baya a kai a kai don kada abin da aka wuce ya zube. Abin mamaki, yaron da ya taso a kan wannan tarbiyya, da ya shiga boko sai ya ajiye ta a ƙofar aji. Ɗalibi, idan ka gama karanta babi, kife littafin. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ya rage a kanka, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ka sake haka bayan kwana uku, ka kuma bayan mako. Da zafi, domin a nan ne za ka ga ashe ba ka iya ba, amma gara ka gani a ɗakinku da ka gani a zauren jarrabawa.

Lissafi kuwa ba ya jin tilawa. Da alƙalami ake koyonsa. Wanda ya zauna yana kallon malami na warware tambaya kamar mai zaman bakin Kwara ne yana kallon masu iyo, ranar da ya faɗa ruwa zai gane kallo bai koya masa komai ba. Tambaya biyar a kullum, ka warware da hannunka, ta fi zaman awa biyar daren jarrabawa. Kuma darasi ne mai hawa bisa hawa: wanda ya baro firamare bai ƙware a ninkawa da rabawa ba, aljabara za ta yi ta wahalar da shi har aji shida. Babu kunya ɗan sakandare ya ɗauko littafin ƙanensa ya cike giɓin.

Ni dai ban yarda yaranmu ba su da kan lissafi ba. Je ka Tsamiya ko Lolo ka ga yaro ɗan shekara sha biyu yana juya naira zuwa sefa da ka, ya fitar da ribarsa kafin mai saye ya gama lalube aljihu. Wannan yaron, a rubuta masa lissafin nan cikin jimlar Turanci, sai ya tsaya cak. Harshen ne ya tare shi tun kafin ya kai ga lambobin.

Shi ya sa Turanci ya fi kowane darasi haɗari. In ka cire takardun harsuna irin su Hausa, Larabci da Faransanci, duk sauran tambayoyin da shi ake yin su. Yankinmu kuwa ba baƙon harsuna ba ne: a kasuwa ɗaya za ka ji Hausa, Fulatanci, Zabarmanci da Dandanci, ga Faransanci daga tsallaken iyaka wajen Segbana. Yaron da ya iya harshe uku bai koye su ta haddar ƙa'idojin nahawu ba, ji ya yi, ya faɗa, aka yi masa dariya, ya gyara. Haka Turanci yake so. A karanta shafi ɗaya kullum da babbar murya, ko na tsohuwar jarida ne, a ba da labarinsa da Hausa don a tabbatar an fahimta, sannan a taƙaita shi cikin jimla uku na Turanci. Kowane mako a rubuta wasiƙa a kai wa malami ya yi mata jan biro. Rubutun insha'i, fahimtar labari da taƙaitawa su ne ƙashin bayan takardar Turanci ta WAEC, kuma babu ɗaya cikinsu da ake haddacewa.

Darussan kimiyya ido da hannu suke buƙata, don akwai jarrabawar gwaji ban da ta rubutu. A fannin halittu mun ma fi 'yan birni gata: ga karfasa da tarwaɗa, ga shinkafa a fadama. Buɗe kifin ka ga sassan da littafi ya zana, ka zana naka, ka sa sunaye. Sinadarai da fiziks ne ba sa yiwuwa sai da ɗakin gwaje-gwaje. Kafin uba ya bari a sa ɗansa ajin kimiyya, ya taka ya tambayi shugaban makaranta ko akwai malamin darasin da kayan aiki. Tarihi da darasin gwamnati sun fi sauƙin sha'ani: a riƙa tambayar me ya jawo, me ya biyo baya, a kuma yi musu da abokai.

Akwai wani ramin da yake cinye masu ƙoƙari ma. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, darussa huɗu take jarrabawa, maki 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake so ne yake zaɓar maka su. Likitanci yana son halittu, sinadarai da fiziks. Injiniyanci yana son lissafi, fiziks da sinadarai. Mai son aikin lauya yana buƙatar adabin Turanci. Yaron da ya yar da fiziks a ajin farko na babbar sakandare don abokinsa ya yar, ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci a jami'ar Aliero tun shekara uku kafin ya nema. A sakamakon WAEC kuma, D7 da E8, ko da an ce yaro bai faɗi ba, ba sa cikin kiredit biyar da jami'a ke nema. Daga A1 zuwa C6 ake ƙirgawa.

Iyaye, jarrabawar WAEC a watannin Mayu da Yuni take faɗowa, daidai lokacin da gona ke neman hannu. Wanda zai zana jarrabawa a ɗaga masa ƙafa a wannan shekarar. 'Ya mace ma a rage mata talla da aikin gida, ta sami ko awa ɗaya da rana tana gani. Sannan ku yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan za su turo amsa ta WhatsApp, ko su kai yaro wata cibiya inda ake rubuta amsa a allo. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, WAEC kuma tana riƙe sakamako ko ta soke shi, wani lokaci na cibiya sukutum, har da yaran da ba su ji ba su gani ba.

Wanda ya tsallake da satar amsa ma JAMB na jiransa, ita kuwa tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta, kowa da allonsa. Don haka kuɗin da za a ba mai sayar da amsa, a sayi littafin tambayoyin shekarun baya da shi, a kai yaro inda zai taɓa kwamfuta ya saba tun da sauran lokaci, a kuma yi masa lambar NIN da wuri, don ba a rajistar JAMB sai da ita.