Da Fitila Da Lemo Ana Iya Koya Wa Yaran Illela Sha'anin Wata

Garin Illela yana wajen kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, dab da Birnin Ƙonni. Kowace shekara idan Sha'aban ya kai kwana 29, manya da yara sukan fito bayan faɗuwar rana su zuba ido yamma, sa'an nan su kasa kunne ga sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Akan kuma sami shekarar da mutanen Ƙonni za su yi Salla yau, 'yan'uwansu na Illela sai gobe.

Yaron da ya tashi a irin wannan gari ya riga ya san wata tun kafin a sa shi makaranta. Abin da ya rage shi ne a nuna masa dalilin abin da yake gani. A nan ne darasin kimiyya yakan gaza, domin sau da yawa akan rubuta bayani a allo, yara su kwafa, su haddace, su manta bayan jarrabawa. Alhali kuwa kayan da ake bukata duk suna nan a kasuwar garin.

Malami yana iya rufe tagogin aji, ya kunna fitila ya ɗora a kan tebur a matsayin rana. Sai ya ba yaro lemo a tsire da tsinke, watau wata ke nan, kan yaron kuma shi ne duniya. Idan yaron ya miƙa hannu yana juyawa a hankali ta hagunsa, zai ga haske ya soma kamar lauje a gefen lemon, ya kai rabi, ya cika, sa'an nan ya dinga raguwa har ya ɓace. Da idonsa zai gane cewa wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma kullum rabinsa ne a haske, sai dai abin da ke fuskantar duniya ne yake sauyawa.

Wannan zagaye yana ɗaukar kwana 29 da wajen sa'a 12 da minti 44. Shi ya sa watan Musulunci yakan yi kwana 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta zama wajen kwana 354, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Daga nan ɗan aji biyar zai iya lissafa da kansa dalilin da ya sa azumi yakan faɗo a bazara, bayan wasu shekaru ya koma lokacin ɗari, har ya kewayo inda ya faro cikin wajen shekara 33.

Aiki na biyu na gida ne. Kowane yaro ya ja layi gida talatin a littafinsa, ya riƙa zana siffar wata kullum tare da lokacin da ya gan shi. Bayan ya cika, zai lura yana jinkirin fitowa da kamar minti 50 kowane dare, har ya koma sai da asuba ake ganinsa. Da zanen yaran Illela zai haɗu da na yaran Ƙonni, da sun tabbatar cewa wata ɗaya suke kallo, kuma bambancin ranar Salla ya danganta ne ga shaidar gani da hukumar da kowace ƙasa take bi.

Nisa ma ana iya auna shi a filin makaranta. Wata yana wajen kilomita 384,400 daga duniya, faɗinsa kuwa ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta kaɗan. Idan ƙwallon ƙafa ce duniya, lemo ne wata, sai a ajiye su mita shida da rabi tsakani. Wannan tazara ce 'yan sama jannatin Amurka suka ƙetare a jirgin Apollo 11, har Neil Armstrong ya taka wata a cikin Yuli 1969. Ramukan da suka tarar a can kuwa, faranti cike da toka da 'yan tsakuwa sun isa su nuna yadda duwatsu daga sama suka haƙa su.

Amfanin darasin ya fi fitowa ranar husufi. A ƙasar Hausa an saba cewa rana ce ta kama wata, yara su fita suna kaɗa gwangwani don ta sake shi. Wani lokaci abin yakan wuce wasa: a Janairu 2001 husufin wata ya jawo tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. Amma yaron da ya juya wa fitila baya, ya ga inuwar kansa ta rufe lemo, ya san inuwar duniya ce ke faɗa wa wata. Ba ya faruwa kowane wata ne saboda hanyar wata ta karkace da wajen digiri 5. Wannan bai saɓa wa addini ba, gama Annabi (SAW) ya bayyana cewa husufi aya ce daga ayoyin Allah, ba ya aukuwa don mutuwar wani, ya kuma umarta a yi salla.

Ran 29 ga Maris 2006 da hantsi, wata ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi. Masana sun lissafa cewa irinsa zai sake ratsa kudancin Nijeriya ran 20 ga Maris 2034, mutanen Illela kuma za su ga wani ɓangare nasa. Wajibi ne a gargaɗi yara kada su dubi rana kai tsaye, domin tana lalata ido. Huda ƙaramin rami a kwali, a dubi hasken da ya faɗa ƙasa, ya wadatar.

Abin da ya rage ga hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da kwalejojin horar da malamai shi ne su tabbatar malami ya taɓa yin waɗannan gwaje-gwaje da hannunsa kafin a tura shi aji. Kuɗin kayan bai taka kara ya karya ba. Yaran da ke firamare a Illela yau za su kasance samari da 'yan mata a 2034, kuma abin da aka koya musu yanzu shi za su gaya wa ƙannensu a ranar.