Mene ne ciwon haukan kare?

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana shiga jiki ta yawun kare mai ɗauke da ita idan ya yi cizo, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya.

Game da kauce wa cizo kuwa, mai keke a lungunan unguwannin Kakuri ko Sabon Tasha, in kare ya biyo shi, gudu tunzura karen yake yi. Gara ya sauka, ya sa keken tsakaninsu, ya ja da baya sannu a hankali. In ya sha cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti don allurar rigakafi.